Tara Tsofaffin Hulunan Soja da Lambobinsu a Sakkwato: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi mini a kan wannan sha'awa. Wasu daga matasa suke fitowa, wasu kuma daga iyalan da suka buɗe adakar tsohonsu bayan rasuwarsa, suka tarar da wata jar hula da 'yan ƙarafa a ƙulle cikin tsumma, ba wanda ya san labarinsu.

Wane irin kaya ake tarawa?

Hulunan soja na da, da bajon da ake maƙalawa a gabansu, da maɓallan riga, da igiyoyin kofur da saje, da aninan hafsoshi, da tambarin runduna na ƙyalle da ake ɗinkawa a kafaɗa, da lambobin yabo. Wasu sukan haɗa da na 'yan dokan En'e, waɗanda aka narkar cikin 'yan sandan tarayya wajen ƙarshen shekarun 1960. Makami ba ya cikin lissafinmu, ko da kwanson harsashi ne.

Me zai sa Basakkwace ya adana kayan rundunar da ta ci Sakkwato da yaƙi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma ban taɓa jin haushin mai yin ta ba. Gaskiya ce: rundunar da Lugga ya fara haɗawa a 1897, wadda Turawa suka kira West African Frontier Force, ita ce ta ci Kano a Fabrairun 1903, ta iso filin Giginya a Sakkwato ranar 15 ga Maris na wannan shekara. Ita ce ta bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi, inda ya yi shahada a watan Yuli. Ita ce kuma ta ƙone Satiru a Maris ɗin 1906, bayan mutanen garin sun karya mata wani ayari a watan Fabrairu. Turawa har lambar yabo suka buga domin waɗannan yaƙe-yaƙe, mai suna Africa General Service, da ɗan ƙarfe a jikin ƙyallenta an rubuta "N. Nigeria 1903" ko "N. Nigeria 1906". Duk ɗan garin nan da ya riƙe wannan ƙarfe a tafinsa, in ya san abin da ya riƙe, sai jikinsa ya yi sanyi.

To amma labarin bai tsaya a nan ba. Shekara arba'in bayan Giginya, 'ya'ya da jikokin mutanen ƙasar nan ne aka kwasa cikin wannan runduna, wasu da son ransu, wasu hakimi ne ya ba da sunansu don cika adadin da aka ɗora wa gundumarsa. Sun yi yaƙi a ƙasar Somaliya da Habasha, sun ƙetare teku zuwa Indiya, sun shiga dazuzzukan Bama. Da yawa ba su dawo ba. Waɗanda suka dawo sun zama masu gadi, direbobi, masinjojin En'e, manoma, kuma mafi yawansu sun mutu ba wanda ya rubuta ko layi ɗaya a kansu. Hular da ke cikin adaka sau da yawa ita kaɗai ce shaidar cewa mutumin ya taɓa zuwa can.

Ni a wurina adana waɗannan kaya ba yabon Nasara ba ne. Shaida ce, kuma shaida ba a zaɓar mai daɗin cikinta a yar da mai ɗaci. Da lambar 1903 da hular Bama, duka biyun tarihin gidanmu ne, kuma na fi son su zauna a hannun waɗanda abin ya shafa, a kan su ƙare a tukunyar mai narka ƙarfe ko a kantin wani a Landan da bai san ko ina ne Satiru ba.

Yaya zan gane zamanin bajo?

Fara da haruffa. Tambarin tsohuwar rundunar bishiyar kwakwa ce, da haruffa a ƙarƙashinta. In ka ga W.A.F.F. kawai, to kafin 1928 ne, domin a wannan shekara aka ƙara mata R a gaba, ta zama R.W.A.F.F. Wannan harafi ɗaya ya raba maka zamani biyu.

Sunan rundunar Nijeriya ma ya yi ta sauyawa, kuma kowane sauyi ya bar alama a jikin ƙarfe. Kafin 1914 akwai ta Arewa daban, ta Kudu daban. Da aka haɗe ƙasar a 1914 sai suka zama Nigeria Regiment. A 1956, lokacin ziyarar Sarauniya Elizabeth, aka kira ta Queen's Own Nigeria Regiment. Bayan 'yancin kai a 1960 kalmar "Royal" ta ci gaba da zama a sunan sojan ƙasar, har 1963 da aka zama jamhuriya aka cire ta.

Sai kambi, in akwai shi a maɓalli ko a bajo. Kambin sarakunan Ingila maza, wanda aka yi amfani da shi daga 1902 zuwa 1952, samansa a dunƙule yake kamar ƙubba. Na Sarauniya, daga 1953, samansa ya lotsa a tsakiya, gefe biyu sun taso. Ido yakan saba da bambancin da wuri. Ka kuma juya maɓalli ka duba bayansa, sau da yawa za ka ga sunan kamfanin da ya buga shi, kamar Firmin ko Gaunt, duka na Ingila. Nauyi ma shaida ne: tsofaffin na tagulla ne ko farin ƙarfe, masu sauƙin nan na alminiyam da ba sa dusashewa kuwa sai daga shekarun 1950 suka fara shigowa.

Bayan jamhuriya sai mikiya a kan tauraro mai tsini shida. Dattawa za su tuna da wannan tauraro a jikin anini da kwabo mai huji na zamanin Turawa.

Na samu wani ƙyalle rawaya da hoton baƙin gizo-gizo. Mene ne?

Ka yi dace. Tambarin Runduna ta 81 ce ta Afirka ta Yamma, wadda ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a ƙasar Bama. An zaɓi gizo-gizo ne saboda matsayinsa na mai wayo a tatsuniyoyin Afirka ta Yamma. 'Yar'uwarta, Runduna ta 82, tambarinta māsu biyu ne a gicciye a kan gammo. Gammon nan ba ado ba ne. A dajin da mota ba ta shiga, dubban mutanenmu a ka suka ɗauki harsasai da abinci da sassan manyan bindigogi, suna hawa duwatsu cikin ruwan sama, kuma da wannan dako aka yi yaƙin. Rundunonin biyu sun haɗu a yaƙin Myohaung a Janairun 1945. Shi ya sa ake da barikin Myohaung da na Dodan da na Arakan a Legas, da Kalapanzin a Kaduna, duka sunayen wurare ne a Bama. Barikin Chindit na Zariya kuwa sunan wata runduna ta musamman ce da wata birget ta 'yan Nijeriya ta yi aiki a cikinta a 1944.

Ƙyalle ya fi ƙarfe saurin lalacewa, don haka na gaske ba su da yawa. In naka yana jikin riga, kada ka farke shi.

Waɗanne huluna aka fi samu?

Jar dara mai tuntu ita ce ta fareti a zamanin Turawa, ana sa ta da 'yar shara ja da ɗamara a kan kaki. A fagen daga a Bama kuwa hula mai faɗin baki irin malafa aka sa, wadda ake naɗe gefenta ɗaya. Hafsoshi suna da hana-salla mai baki. Bayan 'yancin kai aka ajiye dara, sai hana-salla da lausasan hulunan nan masu launi daban-daban gwargwadon sashe: ja ta 'yan sandan soja, baƙa ta masu tankokin yaƙi, sashen da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya yi aiki har ya kai Birgediya Janar kafin a naɗa shi a 2006. Akan ci karo da shuɗiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya daga waɗanda suka je Kwango tsakanin 1960 da 1964, da kuma hular kwano ta yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970.

Dara tana da wahalar tantancewa, domin farar hula ma sun sa irinta shekara da shekaru. Dara ba bajo, ba hatimi a ciki, ba takarda, ba labarin mai ita, to dara ce kawai.

Yaya ake gane jabu?

Ka fi duba baya a kan gaba. Bajon da aka buga da inji, zanen gabansa yakan fito a bayansa a lotse, tsaf-tsaf. Wanda aka yi zubinsa a yashi bayansa yakan zama da ƙuraje da 'yan ramuka, haruffansa kuma ba kaifi. Sai dai a yi hattara a nan, domin lokacin yaƙi, da kaya suka yi ƙaranci, an yi ta zubin bajo a Indiya da Masar, sojoji kuma sun sa su. Saboda haka zubi kaɗai ba ya nuna jabu. Abin da ke tona asiri shi ne tsufan da bai yi daidai ba. Ƙarfen da aka goge shekara da shekaru a bariki wuraren da suka taso su ke suɗewa, lunguna su yi duhu. Wanda aka tsoma a wani ruwa don ya yi kama da tsoho, ko'ina launinsa ɗaya. Ka duba kunnuwan da ake sa ƙusa a baya, in sabon liƙi ne za ka gani.

Na ƙyalle kuwa, fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba kuɗin jabu da ita tana taimakawa: farin zaren zamani yakan yi walƙiya a ƙarƙashinta, tsohon zaren auduga ba ya yi. In akwai silin zare da ya riga ya saki, ka ƙona shi kaɗan. Auduga toka take zama, na roba narkewa yake ya dunƙule.

Sannan ka yi kaffa-kaffa da kayan Jamus na zamanin Hitila da ake tallarsu a intanet. Ba fannin da jabu ya cika kamarsa.

A ina ake samu a Sakkwato?

Ba shagon da ya keɓanta da su. Akan tsinta a wurin 'yan koli da masu tsofaffin kuɗi a Tsohuwar Kasuwa, da wurin 'yan gwangwan kafin su auna tagulla a kilo, da wurin maƙera irin na Maƙera Assada, inda tsohon ƙarfe ke zuwa neman wuta. Ka bar musu lambar wayarka da hoton abin da kake nema. Mafi kyawun kaya dai a gidaje suke, a garuruwa da ƙauyukan da aka ɗebi soja.

In na ji wani gida suna da su, yaya zan tunkare su?

Ba da maganar kuɗi za ka fara ba. Ka je da wanda suka sani, ka gaisa, ka yi wa mamacin addu'a. In tsohuwarsa na da rai, ka ce, "Inna, labarin Baba na zo ji, in kin yarda." Ka saurara, ka rubuta sunansa da sunan mahaifinsa, da garinsu, da shekarar da ya tafi da wadda ya dawo, da duk sunan wurin da ta tuna yana ambata. Ka nemi izini ka ɗauki hoto. Sau da yawa wannan ya wadatar, ka tafi ka bar musu kayansu, ka nuna musu yadda za su adana.

In sun ce za su sayar, ka tuna kayan mamaci gado ne. Kada ka saya a hannun yaro ɗaya da ya ɗauko a ɓoye, ko da ɗan cikinsa ne. Sai magada sun sani sun yarda, mata da maza. Ka kuma gaya musu gaskiyar abin da ke hannunsu. Sayen lambar yabo a farashin tsohon ƙarfe daga hannun wadda ba ta san darajarta ba zalunci ne, kuma yana ɓata sunan duk masu wannan sha'awa. Haka nan kada ka raba kayan mutum ɗaya, hula nan, lamba can, littafin sallama wani wuri. Tare suke ba da labari.

Doka ta yarda kuwa?

Ajiye tsohon bajo a gida daban, sa kayan soja a jiki daban. Dokar ƙasa ta hana wanda ba soja ba ya sa kakin soja ko ya yi shigar da za a ɗauke shi soja. A halin da ake ciki kuma abin ya wuce maganar kotu. Kowa ya san 'yan bindiga a gabashin jihar nan, wajen Isa da Sabon Birni, sukan yi shigar soja, kuma ga hedikwatar Runduna ta 8 a cikin gari, ga shingayen bincike a kan hanyoyi. Shawarata ita ce ka tsaya a kan abin da aka daina amfani da shi tuntuni. Kada ka sayi hula ko bajo ko kaki irin na yanzu daga hannun kowa. Kada ka sa ko tsohuwar ce ka ɗauki hoto ka watsa a Facebook. In za ka yi tafiya da kaya, ka sa su a akwati tare da takardar da ta bayyana mene ne su, na wace shekara, daga wa ka samu.

Fitar da kaya waje kuma yana ƙarƙashin dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda ta hana fitar da kayan tarihi sai da izininta. Ka tuntuɓe su kafin ka aika wa kowa komai.

In goge su su yi ƙyalli?

A'a. Kada ka kusance su da Brasso, balle toka da lemun tsami da ake wanke tukunya. Duhun da ke jikin tagulla shi ne shaidar shekarunta, kuma kowace guga tana cinye zanen. Burushi mai laushi ya isa. In ka ga kore-kore mai kama da gari, wannan ci yake yi, ka cire shi a hankali da tsinken sakace, ka raba wannan bajon da sauran.

Yanayin garin nan yana da nasa sharri kala uku. Zafin bazara, da kan haura digiri 40, yana busar da fatar cikin hula da maɗaurin haɓa har su tsage, don haka kada a ajiye akwati a saman sif dab da kwano. Ƙurar hunturu tana shiga cikin ulu ta zauna. Damina kuma ita ke kawo raɓa da gara da asu. Kada ka ɗaure hula a leda, gumi za ta yi ta yi funfuna. Ka cusa mata farin ƙyallen auduga mai tsabta don kada ta lotse, ba jarida ba, domin tawada tana kamawa. Ka naɗe ta a wani farin ƙyallen, ka sa a akwatin ƙarfe a kan benci, nesa da bango. Kafur yana korar asu amma kada ya taɓa kayan. 'Yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi suna da amfani. Fata kuwa kada a shafa mata man gyaɗa ko man shanu, ƙwari za ka gayyato. Hula ba a wanke ta ko kaɗan. Ka riƙa buɗe akwatin kana dubawa, musamman a watan Agusta.

Rubutun Larabcin da ke jikin bajon sojan Nijeriya fa?

"Nasrun minallah" ne, wato nasara daga Allah take, kuma ana danganta kalmar da tutar jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Tunda akwai sunan Allah a jiki, kada a bar shi a ƙasa ko a wurin ƙazanta. Masu tambaya a kan hoton mikiya da sauran masu rai, wannan su kai wa malaminsu. Da yawa daga cikinmu a rufe muke ajiye su, ba a rataye a bango ba.

Ina ganin wasu da hoton ƙugiyar jirgin ruwa. Na sojan ruwa ne?

Ba lalle ba. In daga wajen Illela ko Ƙonni abin ya fito, mai yiwuwa na sojan mulkin mallakar Faransa ne, domin wannan ƙugiya ita ce tambarinsu. Rundunarsu ta baƙar fata, da aka kafa a 1857, sunan Sanagal take ɗauke da shi, amma daga ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya da Faransa ta mallaka aka ɗebi mutanenta, har da Hausawa da Zabarmawan Nijar. Su ma jar hula suke sawa, sai dai tasu ta fi dararmu laushi. Gidaje da yawa a bakin iyaka suna da kaka a wannan runduna da kaka a waccan.

Nawa ake sayarwa?

Ba tsayayyen farashi. Maɓalli da bajon kwakwa na gama-gari an buga su da yawa, ba su da tsada. Abin da ke ɗaga daraja shi ne ƙarancin abu, da lafiyarsa, da sanin mai shi. Wanda ya shigo don ya yi kuɗi zai sha takaici.

Ina da lambobin kakana. Yaya zan gano inda ya yi yaƙi?

Ka fara da gefen lambar. Na Yaƙin Duniya na Ɗaya, da wadda na ambata ta 1903 da 1906, an buga lambar soja da muƙami da suna da runduna a kewayen bakinsu ko a bayansu. Taurarin Yaƙi na Biyu yawanci ba suna, amma kowane yana faɗin fagensa: Africa Star na waɗanda suka yi yaƙi a Habasha da Somaliya da arewacin Afirka, Burma Star na Bama. In littafin sallamarsa na nan, ya fi komai, domin a ciki akwai lambarsa da bataliyarsa da ranar da ya shiga da ranar da ya fita.

Wajen neman suna, ka sani magatakardan soja sukan rubuta mutum da sunan garinsu, wane Sokoto, wane Gwandu, wane Argungu, kuma yadda kunnen Bature ya ji. Ka gwada rubutu iri-iri. In bai dawo daga yaƙi ba, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila tana da rajista a intanet da ake bincikawa kyauta, kuma sunayen 'yan Afirka ta Yamma da suka mutu a yaƙin Bama ba a san kabarinsu ba suna rubuce a ginin tunawa da ke maƙabartar Taukkyan kusa da birnin Yangon a Bama. A nan gida, ka leƙa ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji, da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, da sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A Kaduna akwai Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, inda fayilolin Lardin Sakkwato suke. Duk abin da ka samu, ka rubuta shi da biro a takarda mai kauri, da boko da ajami in kana iyawa, ka sa kwafi ɗaya a cikin akwatin, ka ba wani daga cikin magada ɗaya.